Raunin da Ya Ƙi Warkewa: Dashen Nono a Ma'aunin Shari'a

Tiyatar dashen nono aiki ne da likitan fiɗa ke yanka fatar ƙirji, ya buɗe gurbi a bayan nono ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji, ya zura jakar silikon mai ɗauke da ruwan gishiri ko silikon mai kauri, sannan ya ɗinke. Mata iri biyu ne ke hawa wannan gado. Akwai wadda aka cire wa nono saboda cutar daji, ko wuta ta ƙone ta, ko aka haife ta da nakasa a ƙirji, tana neman a mayar mata da abin da ta rasa. Akwai kuma lafiyayya wadda jikinta ba shi da aibi, sai dai tana son ƙarin girma ko cika. Wuƙar ɗaya ce, jakar ma ɗaya ce, kuma dukansu za su farka da rauni wanda zai iya warkewa, zai kuma iya ƙi. Tambayar da ke gaban malaman fiƙihu ita ce: wane irin amfani ne ya isa a yanka jikin ɗan Adam dominsa, kuma a wuyan wa alhaki yake idan yankan ya ɓaci? Amsar tana buƙatar a fara sanin halin raunin kansa.

Yadda raunin ke warkewa da yadda yake ɓaci

Yankan yakan kasance a ɗaya daga wurare uku: lanƙwasar da ke ƙarƙashin nono, ko gefen baƙin da ya kewaye kan nono, ko hammata. Da an ɗinke, jiki zai kama aikinsa daki-daki. Cikin mintuna jini zai daskare ya toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan wurin zai kumbura, ya yi ɗumi na 'yan kwanaki, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke share mataccen nama da ƙwayoyin cuta. Sai sabon nama ya fara toho, sababbin jijiyoyi su ratsa shi, bakin raunin ya haɗe. Wannan yakan ɗauki kamar mako uku. Matakin ƙarshe, na nunar tabo, yana kai shekara ɗaya ko fiye, kuma ko ya kammala, ƙarfin wurin ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Abin da ya bambanta wannan rauni da yawancin raunukan tiyata shi ne baƙon abin da aka bari a ciki. Jakar ba ta da jijiya, jini ba ya ratsa ta, saboda haka garkuwar jiki da maganin da aka sha ba sa isa gare ta yadda ya kamata. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar kowa, musamman dangin Staphylococcus, idan suka manne a jikinta sukan lulluɓe kansu da wani siririn yauƙi da ke kare su daga magani. Shi ya sa ciwon da allura za ta kashe a wani wuri, a nan sau da yawa sai an sake buɗewa an ciro jakar, an jira watanni kafin a yi maganar mayar da wata.

A makonnin farko, jini ko ruwa na iya taruwa a kewayen jakar, nono ɗaya ya fi ɗaya kumbura. Ɗinki na iya saki. Idan jakar ta yi wa fatar girma, ko fatar ta yi siriri bayan an kwashe naman nono, jini ba zai ishi bakin yankan ba. Matar za ta ga bandeji yana jiƙewa da ruwa mai ɗorawa-ɗorawa, gefen ɗinkin ya yi duhu, zare ya fara sakin fata. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan rami ya bayyana, a ƙasansa ana hango ƙyallin jakar. Idan aka kai nan, da wuya a tsira da ita.

Wasu matsalolin sai an jima suke fitowa. Jiki yana gina tantanin tabo a kewayen duk wani baƙon abu, kuma wannan al'adarsa ce. Amma a wasu mata tantanin yakan yi kauri ya tsuke, ya matse jakar. Likitoci suna auna wannan da ma'aunin Baker mai hawa huɗu: a na ɗaya nonon yana da laushi, a na biyu ya ɗan yi tauri, a na uku ya yi tauri har siffarsa ta karkace, a na huɗu ga tauri, ga karkacewa, ga ciwo. Akwai kuma tabon da ke toho ya yi tudu ya wuce iyakar yankan, wanda ake kira kiloid, kuma ya fi yawa a masu baƙar fata. Jakar ma tana iya fashewa da tsawon zamani. Abubuwan da ke jinkirta warkewa sanannu ne: shan taba, wadda ke tsuke ƙananan jijiyoyi ta rage iskar da jini ke kaiwa, ciwon suga da ba a shawo kansa ba, ƙiba mai yawa, rashin abinci mai gina jiki, doguwar mu'amala da magungunan sitiroid, sai kuma gashin da ake yi wa ƙirji da hasken na'ura don ƙone cutar daji.

Taƙaitaccen tarihi

A 1895 likitan fiɗa Vincenz Czerny, a Heidelberg ta Jamus, ya cire wa wata mata ƙari daga nono, ya cike gurbin da dunƙulen kitsen da ya ciro daga bayanta. Aikin gyara ne, ba na ado ba. Jakar silikon ta zamani ta fito a 1962 a Houston ta Amurka, daga hannun Thomas Cronin da Frank Gerow. A 1992 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta dakatar da amfani da jakar silikon mai kauri don ƙarin girma, ta bar ta ga masu gyara bayan cuta da masu sauyin jaka a ƙarƙashin bincike, ba ta janye takunkumin ba sai a Nuwamban 2006. Abin lura a nan shi ne hukumar da ba ruwanta da fatawa ita ma ta raba mata biyun nan, ta ga haɗarin da za a lamunta wa mai lalura ba lallai a lamunta wa mai neman ado ba.

Nassin hani da nassin rangwame

Masu hani suna farawa daga aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda aka ambaci canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci mutane da su. Suna haɗa ta da hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya la'anci masu yin zane a fata da masu tsige gira da masu yin wushirya don neman kyau. Hadisin da kansa ya ɗaura hanin a kan neman kyau, kuma daga nan malamai suka fahimci cewa wanda ya gyara haƙori don ciwo bai shiga ciki ba. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya tsananta: a wurinsa mace ba za ta ƙara ko ta rage komai a halittarta don ado ba, ko da don miji ne. Duk da haka ya ware abin da ke cutarwa, kamar haƙorin da ya yi tsawo yana hana cin abinci ko yatsan ƙari mai ciwo. Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1149, ya bi irin wannan hanya game da yatsan ƙari.

Nassin rangwame kuwa shi ne labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi masa wari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya. Hukunci biyu ke cikin wannan labari. Na farko, mayar da gaɓar da aka rasa da abin da hannu ya ƙera ba canza halitta ba ne. Na biyu, yadda nama ya karɓi baƙon abu ko ya ƙi shi yana da tasiri a hukunci, har ta kai an halatta wa namiji zinariyar da aka haramta masa, don ita ce ba ta lalacewa a jikin rauni. Halin rauni, ke nan, yana cikin ginshiƙan fatawa tun farko.

Awon amfani da ɓarna

Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya tsara maslahohi hawa uku a littafinsa Almuwafaƙat: lalura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa, wadda ke ƙara kyau kawai. Asalin jikin mutum a shari'a shi ne haramcin taɓa shi da wuƙa, domin amana ne a hannun mai shi. Lalura da buƙata suna ɗage wannan haramci gwargwadon girmansu. Ƙawa ba ta da nauyin da za ta ɗage shi idan akwai cuta a ɗaya hannun. A kan haka ne Muhammad Almukhtar Shinƙiɗi, a littafinsa kan hukunce-hukuncen tiyata, ya sa ƙara girman lafiyayyen nono cikin tiyatar ado da ba ta halatta.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Putrajaya ta Malesiya a Yulin 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173 a kan tiyatar gyaran jiki. Ta halatta sake gina nonon da aka cire, da gyara wanda girmansa ko ƙanƙantarsa ta kai ga rashin lafiya, da kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a rai. Ta hana sauya lafiyayyar siffa don bin son zuciya ko kwaikwayon wasu. Ta kuma gindaya sharuɗɗa: amfanin ya zama wanda shari'a ta yarda da shi, cutar ba ta rinjaye shi ba, likitan ƙwararre ne, majinyaciya ta ba da izini, an yi mata bayanin haɗarin dalla-dalla, babu wata hanyar da ta fi sauƙi, kuma an kiyaye dokokin al'aura da keɓewa.

Saɓanin da ya rage yana kan iyaka ne. Macen da nononta bai fito ba ko kaɗan bayan balaga, ko wadda ɗaya ya fi ɗaya da tazarar da ido ke gani, tana kusa da masu lalura. Wadda shayarwa da shekaru suka sauya wa siffa tana kusa da masu neman ado, domin abin da ya same ta shi ne hanyar kowace mace. Cutar rai kuwa tana da wuyar awo. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata lalura da ke sa mutum ya riƙa ganin aibi a jikinsa inda babu, kuma tiyata ba ta cika raba mai ita da damuwarsa ba. Roƙon miji shi kaɗai ba ya mayar da ado ya zama lalura. A Bukhari da Muslim akwai labarin amaryar da gashinta ya zube saboda ciwo, aka nemi izinin yi mata ƙarin gashi, Manzon Allah bai bayar ba.

Inda awon ya yi wuya

Da amfani da haɗari suna tafiya a jere, da hukuncin ya yi sauƙi. Amma a wannan tiyata wadda ta fi hujja ita ce ta fi shiga haɗari. Budurwa lafiyayya mai neman ƙarin girma tana da fata mai kauri da jini wadatacce, kuma yawancin irinta suna warkewa lami lafiya. Wadda aka cire wa nono fatarta ta yi siriri, magungunan daji sun raunana garkuwarta, idan kuma an gasa ƙirjin, naman wurin ya bushe ya yi tauri, jijiyoyinsa sun ragu. A wurinta ne ɗinki ya fi saki, tantani ya fi tsukewa, jaka ta fi fitowa.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Ƙarancin haɗari ba ya halatta abin da ba shi da hujja, domin hanin canza halitta bai dogara ga cuta kaɗai ba. Ƙarfin hujja kuma ba ya halatta kowace hanya a kowane lokaci. Halaccin gyara hukunci ne na gaba ɗaya, amma dacewarsa da wannan mace a wannan wata tambaya ce da likita zai amsa. Yana iya cewa a jira a gama gashi, ko a fara sa jakar da ake hurawa a hankali don fata ta miƙe, ko a ɗebo nama daga ciki ko baya a gina nonon da shi, ko a wadatu da nonon roba da ake sawa a rigar mama. Sharaɗin nan na cewa babu hanyar da ta fi sauƙi, a nan yake aiki. Mai shan taba da ta ƙi dainawa makonni kafin aiki, ko mai suga da bai daidaita ba, ta ƙara wa kanta nauyin ɓarna, har abin da yake halal a asali ya iya zama abin ƙi a kanta.

Akwai kuma maslahar da ta fi siffa girma. Dajin nono shi ne dajin da ya fi kama mata a Najeriya, da yawa kuma ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa, kuma tsoron yanke nono yana cikin abin da ke hana su. Idan sanin cewa shari'a ba ta hana gyara ba zai sa mace ta yarda a cire abin da zai kashe ta, to fatawar halacci ta taɓa kiyaye rai, wanda ke hawa na farko.

Izinin da ba a gina kan sani ba

Izinin majinyaci shi ne ke halatta wa likita taɓa jikinsa, kuma mutum ba ya yin izini a kan abin da aka ɓoye masa. Wadda aka nuna wa hotunan masu sa'a kaɗai, ba a gaya mata cewa jakar ba ta zama har abada ba kuma mai yiwuwa ne ta sake komawa ƙarƙashin wuƙa, sa hannunta bai cika izini ba. A Oktoban 2021 FDA ta wajabta a sa gargaɗi mai tsanani a takardun jakunkunan, a kuma bi jerin haɗurran ɗaya bayan ɗaya tare da majinyaciya kafin aiki. Hukumar tana shawartar masu jakar silikon mai kauri su yi hoton ƙirji bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3, domin fashewarta ba ta cika nuna alama ba.

Wani haɗarin ma sai daga baya ake gano shi. A Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya samfurin Biocell daga kasuwannin duniya, bayan an danganta su da wani dajin garkuwar jiki da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ke tasowa a tantanin da ya kewaye jakar, yawanci bayan shekaru. Wani kuma da gangan ake ɓoye shi. Kamfanin PIP na Faransa ya yi shekaru yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince a sa a jikin mutum ba. Hukumomin ƙasar sun dakatar da su a Maris 2010, a Disamban 2011 gwamnati ta shawarci mata kusan 30,000 su cire su, a Disamban 2013 kotu a Marseille ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. A harshen fiƙihu wannan algus ne, kuma alhakinsa yana kan wanda ya yi shi, ba kan matar da aka yaudara ko likitan da bai sani ba.

Lamunin likita

Tsofaffin littattafai sun tattauna wannan a kan mai kaciya da mai ƙaho, aikin da wanzami ya gada a ƙasar Hausa. Akwai hadisi a Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da ilimin ba. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa likitan da hannunsa ya yi kuskure ya lalata gaɓa akwai diyya a aikinsa. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa masu magani gida biyar a Zadul Ma'ad, kuma ƙashin bayan rabon shi ne ƙwarewa da izini da bin ƙa'idar sana'a. Ƙwararren da aka yi wa izini, ya yi aiki yadda masana suka san shi, sannan raunin ya ɓaci, ba shi da lamuni, domin warkewa ba a hannunsa take ba. Wanda ya yi da'awar ilimin da ba shi da shi, ko ya yi sakaci, ko ya wuce abin da aka yarje masa, yana da shi.

A aikace, tsukewar tantani bayan aiki mai tsafta ba laifin kowa ba ne. Amma sa jakar da ta fi ƙarfin fata, ko yin aiki a ɗakin da bai cika sharuɗɗan tsafta ba, ko sallamar majinyaciya ba tare da an tsara wanda zai duba raunin ba, sakaci ne. Wannan na ƙarshe ya fi samun masu tafiya wata ƙasa a yi musu aiki su juyo gida cikin 'yan kwanaki, alhali yawancin matsalolin farko a makonnin da ke biye suke bayyana.

Bayan raunin ya ɓaci

Da zarar ɗinki ya saki ko mugunya ta taru, hukuncin aikin farko ba ya hana magani. Ko da matar ta shiga tiyatar ne don ado, garin neman ƙiba ta samo rama, yanzu majinyaciya ce, kuma cire jakar ko wanke raunin ya shiga babin lalura. Kunya ba uzuri ba ce a gare ta ta ɓoye zazzaɓi da kumburi har ƙwayoyin cuta su shiga jini, likita ma ba shi da ikon ƙin ta don ya ƙi dalilinta na farko. Wadda ta tuba daga dashen ado ba a tilasta mata cire lafiyayyar jaka idan cirewar za ta jawo cutar da ta fi barin ta, bisa ƙa'idar da ta hana kawar da cuta da irinta ko wadda ta fi ta. Wajen wankan tsarki, idan ruwa zai cutar da raunin, ta wanke inda ke da lafiya ta yi shafa a kan bandeji, kamar yadda Malikiyya suka tsara ga mai ɗauri.

Saura zancen masu cewa ɓacin rauni azaba ce a kan wadda ta taɓa halittar Allah. Abin da asibiti ke gani bai goyi bayan wannan ba, tunda matsalar ta fi faɗa wa masu gyara bayan daji, waɗanda malamai suka halatta musu, ta fi ƙyale masu neman ado. Arfaja ma hancinsa ya yi wari alhali bai yi laifi ba. Rauni yana bin sababan da Allah ya tsara ne: jini, da iska, da tsafta, da ƙarfin nama. Saboda haka warkewa ba ta tabbatar da halacci, ɓaci kuma ba ya tabbatar da zunubi. Ana gane hukuncin aikin ne kafin a ɗauki wuƙa, daga dalilin da ya sa za a yi shi, da girman haɗarin da masana suka ƙiyasta wa wannan jiki, da cikar bayanin da aka yi wa mai shi, da ƙwarewar wanda zai yanka. Na farko aikin malami ne, na biyu aikin likita, kuma fatawar da ta rasa ɗayansu ba ta cika ba.